Baba Shawish: soja za mu rubuta ko kafinta?

Abu Nusaiba (Gadarif):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ya daɗe yana cina. Duk wanda ya taso a garinmu kafin 2000 ya san kakanmu Baba Shawish, mai rakuba (rumfar aiki) a bakin suk (kasuwa) kusa da mata masu jabana (gahawa), wanda in ka biyo da safe ƙamshin itacen sunut (bagaruwa) ne zai tarbe ka kafin ka gan shi. To ranar da muka fito gudu ƙarshen watan 6 na 2024 bayan garin Sinja ya faɗi a yaƙin Sudan, inna ta ƙi hawa mota sai an ɗora wani ɗan sanduƙinsa, mu muna ta faɗa ana ta kai wa yake ta kaya, direba ma sai da ya ƙara mana kuɗi a kansa. Sai makon jiya na samu zuciyar buɗe shi. Abin da ke ciki: fararsa ta goge katako, gizago guda wanda ƙotarsa ta yi baƙi sumul saboda hannu, ma'auni mai naɗewa da inci a jiki ba santimita ba, wata takarda da Turanci duk ta cinye a wajen ninki, sai lambar yaƙi guda, tauraro mai tsini shida da ɗan ƙyalle ruwan ƙasa da ja a tsakiya.

Ina so in rubuta tarihinsa ko shafi goma ne saboda yaranmu da aka haifa a Jidda da Kano da Alƙahira, waɗanda ko angareb ba su taɓa kwana a kai ba. Amma na tsaya tun a layin farko. In ce tsohon soja ne da ya yi yaƙin Karan a Iritiriya lokacin yaƙin duniya na biyu, ko in ce kafinta ne? Ni dai a raina sojan na fi so in sa a gaba, don kafintoci suna da yawa amma wa ya ga Karan? Wanda ya san wani abu a kansa ya taimaka.

Ummu Rayyan:
Wa alaikumus salam. Allahu akbar, yaya ka sa ni kuka wallahi. Gizagon nan ai da shi yake yi mana barazana in mun hau kan katakonsa, bai taɓa dukan kowa ba sai dai ya ɗaga ya ce "zan fere ku". Allah Ya jiƙansa.

Ustaz Bashir (Kasala):
Amin. Abu Nusaiba turo hoton lambar, amma daga yadda ka kwatanta ta wannan ita ce tauraron Afirka da Ingila ta bai wa waɗanda suka yi yaƙi a arewaci da gabashin Afirka tsakanin Yuni 1940 da Mayu 1943. Bari in ɗan sa maka abin a layi tunda shekara da shekaru ina koyar da wannan a aji. An kafa rundunar tsaron Sudan, Kuwwat Difa'is Sudan, a 1925. Tana da ɓangarori: na gabas hedkwatarsa nan Gadarif inda kake zaune yanzu, Hajjana masu raƙuma a Ubayyid, na yamma a Fashir, sai na kudu. Italiya ta shiga yaƙi a watan Yuni 1940, ranar 4 ga Yuli sojojinta suka fito daga Iritiriya suka kama Kasala, wasu kuma daga Habasha suka kama Gallabat. Sai a Janairu 1941 aka dawo da Kasala, aka bi su har duwatsun Karan, can aka yi kusan wata biyu ana gwabzawa, Fabrairu da Maris, galibin masu hawa dutsen ma sojojin Indiya ne. Karan ta faɗi 27 ga Maris, Asmara 1 ga Afrilu. Babban kwamandan Janar Platt ne, wanda mutanenmu ke ce wa Al-Ƙa'id. To in kakanku ya ce ya ga Karan, lissafin ya hau.

Ɗan Kano:
Salam. Ni suruki ne a gidan, ku yi min afuwa, mene ne angareb kuma mene ne fara? Don mu fara a wajenmu soyawa ake yi a ci da yaji 😅 Sannan ashe ku ma kuna da 'yan mazan jiya. Mu namu Bama aka kai su, kakan abokina har ya mutu yana ba da labarin dajin can da ruwan sama.

Usta Idi:
Hhhh ya zol. Fara ita ce abin da ake goge katako da shi ya yi santsi, sunan Larabci ne, asalinsa ɓera, wai don ta yi kama da shi. Angareb kuma gado ne na itace, ƙafa huɗu da sanduna huɗu, a saƙa tsakiya da igiya ko tsirkiyar fata. A Sudan a kansa ake haihuwa, a kansa ake yi wa yaro kaciya, a kansa amarya da ango ke zama ranar jirtik, kuma a kansa ake ɗaukar mutum zuwa maƙabarta, shi ne makararmu.

Abu Nusaiba ni dai in ka rubuta soja a gaba ka zalunce shi. Shekara 11 na yi a ƙarƙashin rakubar nan, daga 1979 har na buɗe tawa, ban taɓa jin ya buɗe baki ya ce na harbi wane ba. Shekara biyar ya yi da kaki, shekara hamsin da wani abu ya yi da zarto. Wanne ya fi?

Baffa Sale (Jidda):
Tunda an buɗe maganar bari in faɗi abin da ba a so. Ɗana Abu Nusaiba, kafin ka sa lambar Nasara a bangon littafi ka tuna su wa suka kawo mu ƙasar nan. Kakanninmu ba yawon buɗe ido suka zo ba. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yo gabas a ƙafa, mata da tsofaffi suna mutuwa a hanya, don kawai kar su zauna ƙarƙashin tutar Ingila. Mahaifin Shawish yana yaro aka goyo shi a wannan hijira. Sai ga ɗansa ya sa kakin waɗancan mutanen ya je yana musu yaƙi da wasu Turawa 'yan uwansu. Wannan abin alfahari ne? Ni na ji daga bakin babana cewa Malam, mahaifin nasa, ya yi shekara bai amsa sallamarsa ba. Ku rubuta kafinta, ku bar lambar a cikin sanduƙi inda shi da kansa ya bar ta.

Abu Nusaiba:
Baffa Allah Ya ƙara girma, amma da nauyi maganar nan.

Baffa Sale:
Gaskiya dama nauyi gare ta.

Ustaz Bashir:
Baffa da girmamawa, bari in ɗan ja da kai. Hijira gaskiya ce, babu mai musu. Amma da suka iso bakin Nilu wa suka tarar yana mulki? Ingilan nan dai da suka baro, ita da Masar, tun 1899. Garin Mai Wurno kansa da izinin gwamnatin lokacin aka zauna shi. Madatsar Sinnar da aka gama a 1925 hannun mutanenmu yana cikin ginin ta, audugar Jazira da ake kai wa masaƙun Ingila mu muka tsinke ta shekara da shekaru. To mai tsinkar audugarsu bai yi laifi ba sai mai ɗaukar bindiga? Na biyu, Italiyan da aka yaƙa ba baƙin kirki ba ne. Su suka rataye Umar Mukhtar a Libiya a 1931, su suka zuba wa Habasha iska mai guba a 1935 da 1936, kuma jiragensu sun jefa bom a garuruwan Sudan har da Gadarif. Yaro ɗan shekara 19 ya ji an kama Kasala, ba ka san abin da ke ransa ba.

Baffa Sale:
Ustaz ku 'yan boko kun iya jera shekaru. Abin da ke ransa na sani, albashi ne. Yunwa ce ta kai shi ba Umar Mukhtar ba.

Abu Nusaiba:
To ko da yunwar ce baffa, ai ba sata ya yi ba.

Hajiya Zulai (Bur Sudan):
Kai Sale ka ji tsoron Allah, mutum yana kabari shekara ashirin da wani abu kana tone-tone. Kai da kake Jidda tun zamanin shugaba Numairi me ya kai ka in ba albashin ba? 

Admin:
Jama'a a yi a hankali don Allah, iyaye ne a cikin gidan nan da 'ya'ya. Magana kan tarihi ba kan mutum ba.

Ɗan Kano:
Ni abin da ya ba ni mamaki, a wannan shekarar ta 1941 sojojin Nijeriya ma suna Habasha, sun shigo ta kudu ta Magadishu har Harar. Ke nan Bahaushe ya taso daga Kano ta teku, wani Bahaushen ya taso daga bakin Nilu ta tudu, duk yaƙi ɗaya, wataƙila ma sun haɗu a wata kasuwa sun gaisa ba su san dangi ba ne.

Usta Idi:
Ku bar ni in gaya muku wanda na sani, tunda ni ban san Burmi ba sai a bakin manya. Da farko ma shi ba ya son a ce masa masassaƙi. Yakan ce masassaƙi daban kafinta daban. Masassaƙi gungume guda yake samu ya rarake, turmi, taɓarya, akushi, ƙotar fartanya, duk da gizago, ba awo sai ido. Kafinta kuma haɗawa yake yi, sai ya auna ya yanka ya huda ya shigar da wannan cikin wancan. Shi kuma ya iya biyun, sassaƙa a wajen wani kawunsa ya koya yana yaro, awo da zarto a soja. Don haka ma inci yake yi har ya mutu, in na ce masa santimita sai ya ce ni ba na jin wannan yaren.

Itace kuwa kamar mutane yake maganarsu. Sunut, wato bagaruwa, ita ce sarauniya, tana fitowa a fadamun bakin kogi inda ruwa ke kwanciya bayan ambaliya, nauyi gare ta kamar ƙarfe, gara ba ta son ta, da ita ake yin jiragen ruwa da katakon da ake shimfiɗa wa layin dogo, injin yankan katako na Suki ai don ita aka kafa shi. Aduwa, hijlij, ita yake yi wa almajirai allo da ita don tana shan wanki ba ta tsagewa. Gawo ya ce ragon itace ne, sai dai turmi. Maɗaci kuwa sai mai kuɗi, in an kawo daga kudu, shi ake yi wa amaryar ɗan kasuwa kabad. In aka kawo masa ɗanyen itace ba ya taɓawa sai ya shekara a inuwa, mai gaggawa ya je wani wajen. Wata rana wani attajiri ya matsa masa sai an yi masa ƙofa kafin salla, ya ce masa alhaji ni zan iya sauri amma itacen ba zai iya ba.

Kuma angareb ɗinsa babu ƙusa ko ɗaya. Rami yake fafewa a ƙafar ya fere bakin sandar ya shigar, igiyar da aka saƙa ita ke ƙara ɗaure shi, duk nauyin da ya hau sai ya ƙara kamawa. Na ɓata masa ƙafa bakwai kafin ya yarda na huda ta takwas ba ya tsaye a kaina.

Ummu Rayyan:
Usta ci gaba don Allah, ina karanta wa mama tana ta gyaɗa kai.

Usta Idi:
Abu ɗaya da na kasa ganewa har yau. Sanduƙin amarya yana yi, mai kyau, da maɓallin tagulla. Amma duk wanda ya ce a yi masa dogo, wanda ya wuce kamu uku, sai ya ce a'a, in kaya sun yi yawa a yi biyu. Har asara ya yi a kan haka, wani ɗan kasuwa ya so manyan akwatuna na ajiye yadi ya ƙi, aka kai wa wani a Sinnar. Na tambaye shi sau ɗaya ya kalle ni ya ce miƙo min fara.

Ummu Rayyan:
Mama ta ce in rubuta wannan yadda ta faɗa, ita ba ta iya danne-dannen waya. Ita ce autarsa, ku da ba ku sani ba. Ga maganarta:

"Ku gaya wa Idi ni na san dalili. Sau ɗaya tak Baba ya faɗa, shekarar babbar ambaliya ta 88, muna zaune kan tudu da dare babu fitila. Ya ce shi a Karan bai fi sau uku ya harba bindiga ba. Wani Bature ya ga yana gyara ƙotar shebur sai ya cire shi daga layi ya kai shi wajen masu gyara. Aikinsa gyaran jikin lori na katako, da akwatunan harsashi, da sandunan ɗaukar waɗanda aka ji wa rauni. Da faɗan dutsen ya yi zafi sai aka koma sa shi yin akwatin gawa na manyan hafsoshi, da gicciyen da ake kafawa a kansu. Ƙananan soja kuwa bargo ne kawai. Ya ce da katakon akwatin harsashi yake yi, yana cire ƙusa yana miƙar da ita yana sake bugawa, har hannunsa ya daina jin zafi. Akwai ranar da aka kawo wani yaro Bahindiye Musulmi da suke raba shayi tare, ya roƙi a bar shi ya yi masa sutura irin tamu, aka ce babu lokaci. Tun daga nan ya ce in Allah Ya mai da shi gida ba zai ƙara buga ƙusa a abin da tsawonsa ya kai mutum ba. Shi ke nan. Bai ƙara ba, mu ma ba mu tambaya ba."

Ta ce kuma a gaya wa yaya Sale gaskiya ne Malam ya yi fushi, amma ba shekara guda ba, har ya dawo ne. Kuma angareb ɗin da aka ɗauki Malam a kai zuwa kabari Baba ne ya yi shi, Malam ɗin ne da bakinsa ya ce a kan na Shawish za a kai ni.

Hajiya Zulai:
La ilaha illallah. Shekara nawa muna tare da Hauwa ba ta taɓa gaya min wannan ba.

Usta Idi:
Wallahi jikina ya mutu. Shekara 11. Ashe shi ya sa in aka yi rasuwa a gari yake ajiye duk aikin da ke hannunsa, akwai angareb biyu da ya ajiye a bayan rakuba na ɗaukar gawa, ba ya karɓar ko girish a kansu, in an dawo da su shi da kansa yake wankewa. Kuma sandar guragu kyauta yake yi. Lokacin yaƙin kudu na biyu, bayan 1983, yaran garinmu da suka dawo babu ƙafa duk shi ya yi musu, yakan auna daga hammata zuwa ƙasa ya naɗe saman da tsumma da fata. Ni a lokacin ina ganin ɓata katako ne, Allah Ya yafe min.

Ustaz Bashir:
Abu Nusaiba duba takardar nan da kyau ko akwai sunan Kufra ko Wadi Halfa. Dalili, bayan an gama da Iritiriya rundunar Sudan ce aka ɗora wa jigilar kaya da mai daga Wadi Halfa zuwa Kufra a kudancin Libiya, tafiyar sama da kilomita dubu cikin rairayi, kuma jikin lorin lokacin katako ne, dole a tafi da masu gyara. In ya yi shekara biyar da kaki kamar yadda Usta ya ce to da wuya a ce Karan kaɗai ya gani.

Abu Nusaiba:
Ustaz na duba, akwai Halfa, sauran ya goge. Kuma yanzu na tuna yakan ce mana in muna wasa da ruwan tulu, "ku da ba ku taɓa wanke fuska da rabin kofi ba". Muna dariya muna zaton tatsuniya ce.

Amma akwai wani abu a takardar. An buga mata hatimai na baya-baya har uku da Larabci, ɗaya na 1958. Me ya kai takardar sallamar soja ofis bayan shekara goma sha wani abu?

Hajiya Zulai:
Jinsiyya ce ɗana, takardar zama ɗan ƙasa, me kuma. Ku yaran yanzu ba ku san wahalar da aka sha ba.

Ustaz Bashir:
Hajiya ta faɗa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a ƙasar tun kafin 1898. Mu kuwa yawancinmu bayan Burmi muka zo, 1903 zuwa sama. Ka ga an rufe ƙofa da shekara biyar ko takwas kacal. Mutum an haife shi a bakin Nilu, ubansa a nan aka binne shi, amma sai ya kawo shaidu ya yi ta zarya. To irin su Baba Shawish wannan takardar ce hujjarsu, na sa kakin ƙasar nan kafin ma ta samu tuta a 1956. Daga baya an sassauta dokar, amma kalmar "Fallata" da ake jefa mana mu 'yan asalin Afirka ta Yamma a layin ofis ba doka ce ta kawo ta ba balle ta ɗauke ta. Abin dariya, muryar da ta fi kowacce rarrashin sojojin Sudan a wancan yaƙin ta A'isha Fallatiya ce, 'yar malami daga cikinmu, wadda ta shiga rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940 lokacin da mace ba ta waƙa a rediyo, har fagen daga aka kai ta ta yi musu waƙa.

Ummu Rayyan:
Mama ta ce sau huɗu ya je, kowane zuwa kwana biyu a hanya. A na ƙarshe wani ma'aikaci ya ce masa ina shaidar kakanka, sai ya ajiye lambar a kan tebur ya ce ban zo da kakana ba, ga abin da na zo da shi. Ta ce da ya dawo da jinsiyyar bai yi murna ba, ya jefa lambar cikin sanduƙi, ranar ce ƙarshen ganinta da ita sai yau a hoton yaya. Da wannan jinsiyyar tasa aka yi wa su mama tasu, da ta su mama aka yi mana.

Baffa Sale:
To kun gani. Sun yi amfani da shi sun watsar, waɗanda suka gaje su kuma suka ce ba ɗan ƙasa ba ne. Maganata ta fito.

Abu Nusaiba:
Baffa fasfon da ka shiga Jidda da shi daga wace jinsiyya aka ciro shi? Ba rashin kunya ba, tambaya ce, don babanka ƙaninsa ne kuma inna ta ce Baba ne ya tsaya masa shaida.

Baffa Sale:
Yaro kai dai rubuta littafinka.

Hajiya Zulai:
😂😂 Sale an kama ka.

Ɗan Kano:
Ni dai da na shigo da dariyar fara yanzu na yi shiru. Mu ma namu 'yan mazan jiyan da suka dawo daga Bama da yawa sana'ar da suka koya a soja suka riƙe, direbobi, makanikai, teloli. Wataƙila tambayar yaya Abu Nusaiba ba ta rabuwa biyu, tunda zarton ma a cikin kakin ya same shi.

Usta Idi:
Zarton a can ya same shi amma hannun daga gida ya tafi da shi. Ni dai ina nan kan bakana, kafinta. Je ka garinmu ka tambayi yaro ɗan shekara 15 wane ne ya yi yaƙin Karan, zai ce maka wace ƙungiya ce. Amma ce masa ƙofar masallacin Juma'a, zai ce ta Shawish. Na koma gida bayan an buɗe hanya, gidaje da yawa an ɓalle ƙofofinsu an kwashe kaya, tawa rakubar ko guduma ba a bar min ba, ƙofofin ƙarfe na zamani duk an lanƙwasa su kamar gwangwani. Ta masallaci tana nan, sunut ce kauri inci biyu da rabi, akwai ramin harsashi biyu a ɓangaren hagu, ba su fita ta baya ba. Na sa yatsa na taɓa na ji harsashin a ciki. Liman ya ce in ciro in toshe, na ce sai na yi shawara da iyalan mai ita. To ga shi na yi.

Abu Nusaiba:
Usta kar ka ciro. Ko me kuka gani jama'a?

Ummu Rayyan:
Mama ta ce a bar su, amma a shafa wa ƙofar mai kafin damina, haka yake yi duk shekara.

Ustaz Bashir:
Kuma ka ɗauki hotonta da kyau da rana, gaba da baya, da wajen haɗin. Abu Nusaiba takardar nan kar ka ƙara ninke ta, sa ta a tsakanin kwali biyu, kar ka manna mata salatif ko ka kai a yi mata rufin roba mai zafi, yana cinye tawada. Ka zauna da gwaggo Hauwa ka ɗauki muryarta tun tana da ƙarfi, ka bar ta ta yi ta magana kar ka katse ta da tambayar shekara, shekarun ni zan cike maka.

Abu Nusaiba:
In sha Allah. Har yanzu ban san layin farko ba amma na san ba da lambar zan fara ba, wataƙila da dogon sanduƙin da ya ƙi yi. Usta fara da gizagon kuma ina ganin wajenka suka dace tunda an kwashe naka, in inna ta yarda. Ma'aunin inci dai zan riƙe.

Usta Idi:
Ka tambaye ta tukuna, matar da ta tsayar da mota ana harbi saboda su ba ni zan raba ta da su ba. In ta yarda aro ne.

Baffa Sale:
Ni ban canza magana ba, lambar Nasara lambar Nasara ce. Amma Idi tunda kana gari, leƙa ɗakina na gidan gado, in ba a ɗauke ba akwai angareb a jingine bayan ƙofa, shi ya yi min da zan yi aure a 74. Igiyar ta ruɓe tun zuwana na ƙarshe. Ka sake saƙa min da ta kaba ba ta roba ba, nawa ne yanzu in turo ta manhajar banki ta Bankak.

Usta Idi:
Yana nan baffa, na gan shi, ƙafa ɗaya ce kawai akuya ta ɗan gwaguya. Kuɗin igiya kaɗai za ka turo, bari in tambayo farashi a suk gobe.